Gyaran Motar Gudu Don Filin Tsere: Me Ake Sauyawa, Me Ake Asara?

Duk mai leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo: mota da ƙaton fiffike a bayanta, salansa na aman wuta, an rubuta a ƙasa cewa ƙarfinta ya kai doki 1,000. Daga irin waɗannan hotuna ne mutane da yawa suka ɗauka cewa shirya mota don tsere bai wuce a ƙara wa inji ƙarfi a buɗe salansa ba. Wasu kuma sun haɗa abin da wasan ganganci da samari ke yi da mota a kan titi da dare ko a wajen biki, suna ganin duk kanwar ja ce. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, irin su Jamus da Ingila da Japan da Amurka, ƙwararrun cikinta suna barin inji sai a ƙarshe, wani lokaci ma ba sa taɓa shi sam. Dalilin haka yana cikin yadda filin tsere ke wahalar da mota, kuma shi ya kamata a fahimta kafin a yi maganar doki nawa.

Ma'anar kalmomin

Motar gudu, a wannan sharhi, ita ce wadda kamfani ya ƙera don tafiya da sauri da shan kwana, amma ya sayar da ita da lamba da fitilu don hawa titi, kamar Porsche 911 da Nissan GT-R da Chevrolet Corvette da BMW M3. Motar tsere daban take: an ƙera ta ne don gasa kaɗai, ba ta da izinin hawa titi.

Filin tsere hanya ce ta kwalta da aka killace, wadda ke zagayowa ta dawo inda ta fara. Ba mai tafiya a ƙasa, ba mota mai zuwa daga gaba, akwai masu ɗaga tuta a kwanoni da motar asibiti a tsaye. A Ingila da sauran ƙasashen Turai akwai abin da ake kira ranar fili, wato ranar da mai mota zai biya kuɗi ya shiga da motarsa ta gida ya yi ta zagaye. A yawancin irin waɗannan ranaku an hana gasa, an hana auna lokaci, kuma ba a wuce mota sai a miƙaƙƙiyar hanya da yardar na gaba. Tsere a titin jama'a kuwa laifi ne. Jamus ta mai da shi babban laifi a 2017, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 10 idan an yi asarar rai.

Kalmar tiyunin, da aka aro daga Turanci, asalinta saiti ne, kamar yadda ake saita tashar rediyo ko tsirkiyar garaya. A bakin masu mota tana nufin daidaita abin da ke jikin motar tun asali: yawan man da ke shiga inji, lokacin da fulogi ke ba da wuta, taurin shokozoba, karkatar taya. Sauyi kuma shi ne a cire kayan kamfani a sa wasu. Mutane kan haɗa su a kalma ɗaya, amma bambancin yana da amfani, domin saiti mai kyau a kan kayan kamfani ya fi kaya masu tsada da ba a saita ba.

Ƙarfin doki ma'auni ne na yawan aikin da inji ke iya yi cikin wani lokaci. Turbo kuwa fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa ƙarin iska cikin inji domin ya ƙona ƙarin mai. Ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawanmu ke kira biren-bos, ƙaramar kwamfuta ce da ke ba inji umarni.

Inda sana'ar ta samo asali

Tun da aka fara sayar da mota ake samun masu ganin kamfani ya bar wani abu a baya. Wasu daga cikin manyan sunayen da ake gani a jikin motoci yau a ƙananan gareji suka fara. AMG, da ake gani a bayan Marsandi, injiniyoyi biyu ne suka kafa shi a 1967, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, don gyara injinan Marsandi. A 1971 suka ɗauki wata ƙatuwar motar alfarma, 300 SEL, suka faɗaɗa injinta zuwa lita 6.8, ta zo ta biyu a tseren awa 24 na Spa a Beljiyam. Kamfanin Marsandi ya sayi mafi yawan hannun jarin AMG a 1999, ya mallake shi duka a 2005.

A Japan abin ya bi wata hanya. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin ƙasar sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280. Sai suka riƙa ƙera injina masu ƙwarin da ya fi wannan adadi nesa, kamar na Nissan Skyline GT-R da na Toyota Supra, suna danne su. Masu gyara irin su HKS, wanda aka kafa a 1973, suka gano cewa da sauya turbo da saitin ƙwaƙwalwa za a iya ninka ƙarfin. Daga nan sunan tiyunin ya manne da ƙarin doki a zukatan jama'a, finafinai da wasannin kwamfuta suka ƙara yayata shi. Amma a Japan ɗin ma, wurin da ake raba gardama shi ne ɗan ƙaramin filin Tsukuba, mai tsawon kilomita 2 da 'yan kai, inda ake auna mota da lokacin da ta ɗauka ta zagaya sau ɗaya. Zagaye a ƙasa da minti 1 shi ne abin alfahari a can, kuma doki kaɗai ba ya kawo shi.

Abin da agogon Nürburgring ya nuna

Babu wurin da ya fi dacewa a gwada wannan magana kamar ɓangaren arewa na filin Nürburgring, a tsaunukan Eifel na yammacin Jamus. An buɗe shi a 1927. Tsawonsa kilomita 20.8, kwanoninsa 73 a ƙidayar hukuma, tsakanin tudunsa da kwarinsa akwai tazarar kusan mita 300. Kamfanonin mota na duniya suna kai sababbin motocinsu can gwaji, kuma lokacin da mota ta yi a can ya zama kamar takardar shaidarta.

Porsche tana da motoci biyu 'yan gida ɗaya masu inji iri ɗaya, mai lita 4 ba turbo. Ta farko, 911 GT3 da ta fito a 2021, tana da doki 510, ta zagaya filin a minti 6 da sakan 59.9. Ta biyu, 911 GT3 RS ta 2022, tana da doki 525, ta yi minti 6 da sakan 49.3. Bambancin doki 15 ne kacal, bambancin lokaci ya wuce sakan 10, wanda a wannan mataki tazara ce mai girma. Abin mamakin shi ne a miƙaƙƙiyar hanya ta farkon ce ta fi gudu: tana kusan kilomita 320 a awa, ta biyun ba ta wuce 296. An sayar da gudun miƙe ne aka sayi gudun kwana. Fiffiken GT3 RS da sauran sassan jikinta suna sa iska ta danne ta da nauyin kilo 860 idan tana gudun kilomita 285 a awa. Don a samu haka har akwatin ajiye kaya na gaba aka cire, aka sa lagireto a wurin.

Misali na biyu ya fi kusa da batunmu, domin gyara ne bayan an sayi mota. Kamfanin Manthey, wanda Olaf Manthey ya kafa a 1996, mai mazauni a ƙauyen Meuspath da ke gefen filin, kuma Porsche ta mallaki kashi 51 cikin ɗari nasa tun 2013, ya ɗauki 911 GT2 RS mai doki 700. A 2017 direban gwaji Lars Kern ya zagaya da ita yadda ta fito daga kamfani a minti 6 da sakan 47.3, a tsohon awo na kilomita 20.6. A 2018 shi ɗin dai ya zagaya da wadda Manthey ya gyara a minti 6 da sakan 40.3, a awo ɗaya. Injin yana nan da dokinsa 700. Ƙafafun motar da fikafikanta aka yi wa aiki.

Ko a gasa ta gaske haka abin yake. Ferrari 296 da ake sayarwa don titi tana da doki 830, da taimakon injin lantarki. Wadda aka ƙera don gasar ajin GT3 an cire mata lantarkin, dokinta kimanin 600, ita ce kuma ta lashe tseren awa 24 na Nürburgring a 2023.

Zafi

Abin da ke fara kayar da motar titi a fili shi ne zafi, kuma birki ne ke fara jin jiki. A titi direba zai iya taka birki da ƙarfi sau ɗaya a wata. A fili yana taka shi iya ƙarfinsa sau da yawa a kowane zagaye, ba hutu a tsakani. Aikin birki shi ne mai da gudu zafi, kuma zafin yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninka sau huɗu. A lissafi, mota mai kilo 1,500 da ta sauko daga kilomita 250 zuwa 80 a awa ta zubar da zafin da zai kai ruwa kusan lita 10 ga tafasa, cikin 'yan sakanni. Faifan birki kan wuce digiri 600 a irin wannan aiki, har a gan shi ya yi ja da dare.

Birki yana gazawa ta hanya biyu, kuma ana yawan rikita su. Ta farko daga fad take, wato abin da ke matse faifan. Na titi an yi shi ne ya kama tun yana sanyi, ba ƙara, ba ƙura mai yawa. Idan ya wuce zafin da aka yi shi dominsa sai ya daina kamawa: feda na da tauri a ƙafa, mota kuwa ba ta tsayawa. Ta biyu daga man birki take. Man yana shan danshin iska a hankali, ruwan da ya sha kuma yana rage zafin da zai iya ɗauka kafin ya tafasa. Mai nau'in DOT 4, wanda ke cikin yawancin motoci, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma idan ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko zuwa 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, a taka feda ta tafi ƙasa kamar an taka soso. Shi ya sa gyaran farko da duk ƙwararre zai ba da shawara shi ne mafi arha: sabon man birki na tsere, wanda ke jure sama da digiri 300, da fad mai jure zafi, da bututun da zai kai iska ga faifan. Manyan faya-fayai masu jan fenti da ake gani ta cikin wili suna zuwa ne daga baya, idan waɗannan ba su isa ba.

Kowane allazi da nasa amanu. Fad na tsere ba ya kamawa sosai sai ya ɗumama, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana cin faifai. Wanda ya sa shi ya fita kasuwa da sassafe ya rage wa motarsa birki ne a daidai wurin da yaro zai iya tsallaka titi.

Bayan birki sai baƙin mai da ruwa. Inji da ke aiki a ƙarshen ƙarfinsa minti 20 a jere yana fitar da zafin da lagireton titi bai saba da shi ba, don haka ake ƙara masa na'urar sanyaya baƙin mai da na giya. Motocin zamani ba sa jira su yi obahitin; ƙwaƙwalwar tana rage ƙarfi da kanta idan ta ji zafi, sai mai doki 600 ya tarar a zagaye na huɗu rabinsu sun kwanta. Akwai kuma wata matsala da ba ta bayyana a titi. A doguwar kwana da gudu, baƙin man da ke kwance a ƙasan inji yana tattaruwa gefe ɗaya, kamar ruwa a bokitin da ake wujijjigawa, famfon ya zuƙi iska maimakon mai. 'Yan sakanni na haka sun isa su kashe inji. Maganinsa shi ne a sa shingaye a cikin tukunyar man, ko a mai da man cikin tanki na daban, tsarin da manyan motocin gudu da yawa ke fitowa da shi daga kamfani.

Taya, ƙafafu da nauyi

Duk ƙarfin inji da na birki ta wuri huɗu yake bi ya isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. Saboda haka babu sauyi guda da ke rage lokaci kamar taya. Tayar fili, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2 R, robarta mai laushi ce, zanenta kaɗan ne, tana mannewa da kwalta idan ta yi ɗumi. Ba ta daɗewa, kuma idan ruwa ya kwanta a hanya tana iya tashi a kansa. Iskar cikinta ma abin saiti ce, domin tana ƙaruwa idan tayar ta yi zafi. Masu fili suna aunawa ne da zarar sun fito daga zagaye, su rage, sa'an nan su ƙara kafin su kama hanyar gida.

Taya mai kamu tana jawo sauran kashe kuɗi. Mota za ta ƙara jingina a kwana, sai a nemi sifirin da shokozoba masu tauri waɗanda ake iya saitawa. Za a karkatar da saman tayoyin ciki kaɗan domin idan motar ta jingina tayar waje ta zauna daram a kan faɗinta, abin da a titi ke cinye gefen ciki na taya. A nan masu koyo ke yawan kuskure, suna ɗauka duk abin da ya fi tauri ya fi kyau, duk abin da ya fi ƙasa ya fi kyau. Motar da ta yi tauri da yawa tsalle take yi a kan gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta kama komai. A Nürburgring, inda hanyar ke da tudu da kwari da faci, saitin da ya dace ya fi na fili mai santsi kamar Silverstone laushi.

Rage nauyi shi ne gyaran da ke taimakon komai lokaci ɗaya: tashi, tsayawa, kwana, har da tsawon ran taya da birki. Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus a Ingila, a kan wannan ya gina sunansa, kuma Lotus Elise ta 1996 ta fito da nauyin da bai kai kilo 750 ba da doki ƙasa da 120, tana ba manyan motoci kunya a filaye masu yawan kwana. Ana cire kujerun baya da kafet da kayan hana ƙara, a sa wili mara nauyi. Abin da ya rage mota ce mai zafi da hayaniya wadda ba mai son yin doguwar tafiya a cikinta.

Fiffike kuwa yana aiki ne da gudu sosai. A gudun cikin gari ado ne kawai. Idan kuma aka sa babba a baya ba a daidaita gaba ba, gaban motar zai ƙi shiga kwana.

Sai inji

Idan an gama da waɗannan, ƙarin ƙarfi yana da ma'ana. A inji mai turbo abin yana da sauƙi har ya zama tarko: a haɗa kwamfuta da ƙwaƙwalwar, a sauya lissafinta, turbo ta ƙara cusa iska, cikin awa ɗaya an samu ƙarin doki masu yawa ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Masu sayar da wannan aiki suna kiransa mataki na 1, idan an haɗa da sauya salansa da na'urar sanyaya iska mataki na 2, idan an sauya turbo ɗin kanta mataki na 3. Waɗannan sunaye na kasuwa ne, babu wata hukuma da ta tsara su, kuma mataki na 2 na wani gareji ba shi ne na wani ba.

Daga ina ƙarin yake fitowa? Kamfani yana barin rata da gangan, domin motar za ta je ƙasa mai zafi da mai sanyi, za ta sha mai kyau da mara kyau, za ta faɗa hannun wanda ba ya juye da wuri, kuma dole ta cika dokar hayaƙi. Mai tiyunin wannan ratar yake ci. Haɗarin da ke biyo baya shi ne man ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ƙone a tsare, abin da injiniyoyi ke kira nokin. Kanikawanmu idan sun ce inji ya yi nokin suna nufin ya riga ya mutu. Na injiniyoyi shi ne ƙwanƙwasar da ke iya kai shi can, ta fasa fistin ko ta narkar da shi. Abin da ke hana shi shi ne fetur mai yawan oktan, wato ma'aunin jurewar mai ga matsi kafin ya fashe. A Turai ana saita irin waɗannan motoci ne a kan mai lamba 98, wasu har 102. A nan akwai abin lura ga mai shigo da mota daga waje: wadda aka saita a kan wancan mai da sanyin Jamus, idan ta zo ta sha fetur mai ƙarancin oktan a zafin watan Afrilu na Kano ko Yamai, ratar da za ta cece ta an riga an cinye.

Ƙarin ƙarfi kuma ba ya tsayawa a inji. Kulochi da giya da aksul duk an auna su ne da ƙarfin asali, kuma ƙarin doki yana nufin isa kwana da ƙarin gudu, wato a koma kan maganar birki.

Kariyar direba

Kayan kariya tsari ɗaya ne, ba a ɗaukar wani a bar wani. Kejin ƙarfe da ake walda a cikin mota yana hana rufi murƙushewa idan ta kife, amma ga wanda bai sa hular kwano ba sandunan nan abin fasa kai ne. Bel mai madauri biyar ko shida yana riƙe jiki ƙam, amma kai da nauyin hula suna ci gaba da tafiya idan an yi karo, shi ya sa ake haɗa shi da abin riƙe wuya da ake kira HANS. Mutuwar direban tsere Dale Earnhardt a filin Daytona a 2001 ce ta sa gasar NASCAR ta wajabta irin wannan kariya a shekarar, gasar Formula 1 ta wajabta a 2003. Motar da aka yi wa rabin wannan aiki tana iya fin wadda ba a taɓa ba haɗari.

Doka, inshora da saɓanin ra'ayi

A Jamus kusan duk wani sauyi mai muhimmanci sai yana da takardar amincewa, ko a kai motar wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA su shigar da shi cikin takardunta. In ba haka ba izinin motar na hawa titi ya faɗi. Wannan ya shafi Nürburgring ɗin kansa, domin a ranakun da ake buɗe shi ga kowa ana bin dokokin titi ne: sai mota mai cikakken izini, ana wucewa ta hagu kaɗai, an hana auna lokaci. Duk da haka kamfanonin inshora da yawa sun rubuta sunan filin ƙarara a cikin wuraren da ba sa biya, kuma wanda ya daki shingen ƙarfe shi zai biya kuɗin gyaransa. Inshorar mota ta yau da kullum, a yawancin ƙasashe, tana tsayawa ne a ƙofar fili. Garanti ma haka: kamfanoni suna iya gane an taɓa ƙwaƙwalwa ko da an mai da ita yadda take.

A Amurka rigimar ta fi zafi a kan hayaƙi. Dokar tsabtar iska ta ƙasar ta hana cire ko kashe kayan tace hayaƙi, irin su katalis da ke cikin salansa. A 2015 hukumar kare muhalli ta EPA ta nemi ta fayyace cewa hanin ya shafi har motar titi da aka mai da ta tsere zalla. Bayan ƙorafi mai yawa ta janye wannan lafazi a 2016, amma ba ta sauya fahimtarta ga dokar ba. Ƙungiyar masu ƙera kayan gyara, SEMA, ta yi ta neman majalisa ta zartar da ƙudurin da ake kira RPM don kare masu tsere, bai zama doka ba. Hujjar masu gyara ita ce motar da ba ta hawa titi, tana aiki 'yan kwanaki a shekara, hayaƙinta bai taka kara ya karya ba, kuma yawancin tseren masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffin motocin titi ake yin sa. Hujjar hukuma ita ce kayan da ake sayarwa da sunan na fili kaɗai mafi yawansu a kan titi suke ƙarewa. Duk wanda ya san kasuwar zai yi wuya ya ƙaryata hukumar a wannan gaɓa, ko da yana tausaya wa masu tseren gaskiya. Ƙara ma ta zama matsala: filaye da yawa suna auna ƙarar mota saboda maƙwabta, su kori wadda ta wuce iyaka, don haka buɗaɗɗiyar salansar da aka sa da sunan tsere ita ce kan hana mota shiga filin.

A cikin masu harkar kansu akwai gardama mai ɓangare uku da ba ta ƙarewa. Wasu na ganin a sayi wadda kamfani ya riga ya shirya, kamar GT3, tunda injiniyoyinsa sun gwada kowane sashe da ɗan'uwansa. Wasu na ganin gyara da hannu shi ne daɗin abin, kuma ya fi arha. Na uku, waɗanda yawancin masu koyarwa ke cikinsu, cewa suke a sayi ƙaramar mota mai arha irin Mazda MX-5, a kashe sauran kuɗin a kan taya da mai da malami. Ga mai farawa hujjar na ukun ta fi ƙarfi. Tazarar da ke tsakanin sabon direba da ƙwararre a mota ɗaya ta fi abin da yawancin kayan gyara ke iya bayarwa, kuma mota mai kamu da ƙarfi sosai tana rufe kuskuren mai koyo har sai ya kai gudun da kuskuren ba ya gyaruwa.

Inda abin ya dosa

Ƙofar tiyunin ɗin ƙwaƙwalwa tana ƙara ƙunci. Kamfanoni suna kulle kwamfutocin motocinsu da lambobin sirri, kuma tun Yulin 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai ta cika ƙa'idar kariya daga kutse. A ɗaya gefen kamfanonin sun shiga kasuwar da kansu: kayan Manthey a dilolin Porsche ake sayen su, ba tare da garanti ya faɗi ba. Ƙananan gareji masu zaman kansu za su fi karkata ga ƙafafu da birki da tsofaffin motoci.

Motar lantarki ta sauya lissafin doki gaba ɗaya, ta kuma bar tsofaffin matsalolin a inda suke. Porsche Taycan Turbo GT, mai ƙarfin da ke haura doki 1,000 na ɗan lokaci da nauyin sama da tan 2, ta zagaya Nürburgring a minti 7 da sakan 7.55, kamar yadda aka sanar a 2024. Ta ninka GT3 RS doki, ta kuma biyo bayanta da kusan sakan 18. Masu gyara irin waɗannan motoci ba su da abin ƙarawa a ƙarfi. Aikinsu ya koma kan sanyaya batir, da neman taya da birkin da za su ɗauki wannan nauyi fiye da zagaye biyu ko uku.